Fadar da ke cikin aljihunka: su wa ke zaune, wa ke zuba shayin?



Iyayenmu da malamanmu da suka ba mu wuri, shugabannin ƙungiya, ƴan uwana matasa maza da mata da kuka taso daga Magarya da Bande da Waca, da ku mutanen Dungas da Malawa da Guci da Dogo-Dogo, ina yi muku barka da wannan rana ta tunawa da kafa ƙungiyarmu. Shugabanni sun ce in rubuta abin da na faɗa a saka shi cikin wannan ɗan littafi. To kai da ke karantawa, ko ka halarci taron ko ba ka samu zuwa ba, da kai nake. Ni ba malami ba ne, ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kuma abin da zan yi magana a kai sai da ya kayar da ni kafin in san kansa.

Kowa a nan ya san fada. Tabarma ko benci a bakin hanya, buta a kan gawayi, ƙaramin cikinmu yana fifita wuta, ana jiran kofin farko mai ɗaci. Ka san duk wanda ke zaune, ka san gidansu. In baƙo ya zo sai ya yi sallama, wani ya ce tare muke. In hira ta karkace ta koma cin naman mutane, kana iya kaɗe rigarka ka tashi, kuma kowa ya gane abin da tashin naka yake nufi. Yanzu kowannenmu yana yawo da wata fada a aljihu. Ita wannan ba ta watsewa da dare, ba a sallama kafin a shigo, kuma yawancinmu ba mu taɓa tsayawa mun duba su wa muka tara a cikinta ba.

Shekarata ta farko a jami'a na ƙirga gurup 43 a WhatsApp ɗina. Na ƴan ajinmu na franko-arab, na ƴan lise, na ƴan garinmu guda uku saboda an yi rigima an rarrabu, na ƙwallo, na kokowa, na wa'azi ban san adadinsu ba, da wasu da har yau ban san wanda ya jefa ni ciki ba. Wata rana wani aboki ya buɗe mini wurin da waya ke lissafin lokacin da mutum ya ɓata a kanta. Awa bakwai a rana. Na ce masa wayar ce ke ƙarya. Da sakamakon jarrabawa ya fito aka ce sai na sake darasi biyu, sai na gane ba wayar ce maƙaryaciya ba. Kuɗin da nake sayen furfe da su kuwa, tsohuwata ce take aiko mini daga ribar ƙuli-ƙuli, tana cewa in sayi takardu. Wannan shi ne ya fi yi mini ciwo.

Abin da na fara fahimta shi ne fadar aljihu iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A WhatsApp da Telegram mutane ne ke zuba maka: abin da ƴan gurup suka turo shi kake gani, bi da bi. A TikTok da Facebook da YouTube kuwa na'ura ce ke riƙe da butar. Ita ke zaɓar abin da za a fara miƙo maka da abin da ba za ka taɓa gani ba. Tsarin lissafin da take bi shi ake kira algoritim, kuma ku ƴan franko-arab za ku ji daɗin sanin cewa sunan ya samo asali ne daga Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Bawan Allah, bai san inda sunansa zai kwana ba.

Yadda take aiki ba sihiri ba ne. Tana ƙirga daƙiƙa nawa ka tsaya a kan bidiyo, ko ka kalla har ƙarshe, ko ka maimaita, ko ka buɗe sharhin mutane, ko ka tura wa wani. Sai ta nemo mutanen da suka yi irin abin da ka yi, ta duba abin da ya riƙe su, ta kawo maka. Ga inda gizo ke saƙa: ba ta san bambancin tsayawar so da tsayawar takaici ba. Ka ga wani yana zagin malaminka, ranka ya ɓaci, ka kalla sau uku, ka rubuta masa raddi mai zafi. Kai a ganinka ka yi jihadi. Ita kuwa ta rubuta a littafinta cewa wannan yaro yana tsayawa in an zagi malamai, gobe a ƙaro masa biyar. Takardun cikin gida na Facebook da wata tsohuwar ma'aikaciyarsu, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da alamomin nan na fuska, har da ta fushi, suke da maki biyar a lissafinsu, alhali danna babban yatsa maki ɗaya ne. Sun sauya lissafin daga baya, amma ka ga inda hankalin mai shago yake. Shi zamanka yake so, don zamanka yake sayar wa masu talla. Hatta jan allo da ba ya ƙarewa, ka ja sama wani ya fito, ka ja wani ya fito, mutum ne ya ƙirƙiro shi, Aza Raskin, a 2006, kuma ya fito daga baya ya ce yana nadama.

In kana shakka, yau da dare ku yi musayar waya da abokinka na minti biyar, kowa ya buɗe TikTok ɗin ɗan uwansa. Unguwarku ɗaya, shayinku ɗaya, amma za ka rantse ba ƙasa ɗaya kuke ba. Ka dai nemi izininsa tukuna, don wani in an buɗe tasa sai ya kwana biyu bai zo fada ba.

Mu mutanen bakin iyaka akwai wani abu da ya shafe mu daban. Daga Magarya zuwa Yamai kusan kilomita 1000 ne, zuwa Kano kuwa bai kai 200 ba. Harshenmu ɗaya da mutanen Daura da Gumel, kasuwarmu ɗaya, a wasu ƙauyukanmu ma rezon Najeriya ya fi namu kamawa. Na'ura ta ga Hausa kake saurare, kuma masu zuba Hausa a intanet yawancinsu can suke, sai ta cika maka allo da rigimar ƴan siyasar Kano da ta ƴan fim da raddin wane ga wane. Ba laifi mutum ya san labarin maƙwabta, ƴan uwanmu ne. Amma na taɓa zama a wata fada a Dungas inda aka yi awa biyu ana musu a kan rikicin sarautar Kano, kowa da ɓangarensa har jijiyar wuya, da na tambayi ranar da za a fara rabon gidan sauro a garin aka rasa mai amsa.

To ana iya juya ta? Ana iyawa, ba duka ba. Wayarka ko ta Faransanci ce ko ta Ingilishi ko ta Larabci, maɓallan wuri ɗaya suke. A TikTok, in abin da ba ka so ya fito, kada ka tsaya, kada ka yi sharhi. Danne allon da yatsa, za ka ga inda ake cewa ba na sha'awar wannan. Sau ɗaya ba ya isa, sai ka jure kamar sati biyu kana yi, kamar mai horon ɗan maraƙi. A cikin saituna, wato parametir, akwai wurin da ake rubuta kalmomin da ba ka son ganin bidiyon da ke ɗauke da su, kuma tun 2023 akwai wurin da ake wanke allon gaba ɗaya ya koma kamar yau ka buɗe. Ni na wanke nawa sau biyu. Karo na farko cikin kwana huɗu ya dawo yadda yake, saboda idona bai sauya ba. Na'urar ba ta ƙaga mini komai ba, halina ta karanta ta maido mini.

A Facebook abin da ya fi yi mini amfani shi ne daina bin mutum ba tare da na cire shi daga abokai ba. Kowa yana da wani yaya ko ɗan baffa da in ka cire shi sai maganar ta kai gida, amma rubutunsa kullum tsokana ne. Taɓa ɗigo ukun da ke saman rubutunsa, ka daina binsa ko ka kwantar da shi na kwana 30. Ba za a gaya masa ba, zumunci yana nan, kanka ya huta. Kana kuma iya zaɓar mutane da shafuka har 30 a matsayin na gaban goshi, su za a riƙa fara nuna maka. YouTube kuwa ka kashe abin nan da ke sa wani bidiyo ya tashi da kansa in na farko ya ƙare. Ka shiga don darasin lissafi na minti goma, kada asuba ta same ka kana kallon damben Kano.

Sai ƙararrawa. Duk manhajar da ba mutum ne yake nemanka a cikinta ba, ka hana ta yin ƙara. Wannan kaɗai ya rage mini fiye da awa ɗaya.

WhatsApp kuwa a nan zan ɗan daɗe, don a nan ne na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Kun tuna bayan 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka tsakaninmu da Najeriya, watanni aka yi a haka. Wani dare saƙon murya ya shigo wani gurup, murya ta dattijo, a natse, yana cewa daga majiya mai ƙarfi gobe za a buɗe, har yana ambaton ƙarfe nawa. Ban san shi ba. Ban san wanda ya turo ba. Na ga dai labari ne mai daɗi, na tura wa kawuna da ke kiwon raguna, na ƙara da cewa ga albishir. Shi kuwa a wurinsa maganar ɗan jami'a ba ta faɗuwa ƙasa. Ya yi hayar mota, ya loda raguna zai kai kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Ya tarar da hanya a rufe kamar jiya. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya tafi, rago ɗaya ya karye a ƙafa aka yanka shi aka sayar da naman a wulaƙance. Da na je gaishe shi bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi: «Ɗana, wa ya gaya maka?» Na buɗe baki na rasa sunan da zan kira.

Ni da na yi shekaru ana koya mini cewa kafin a karɓi magana sai an san wa ya ji daga wa, kuma na haddace aya ta 6 ta Suratul Hujurat tun ina ƙarami, ga shi na karɓi ruwayar da ba ta da ko mutum ɗaya sananne a cikin silsilarta, don kawai ta yi mini daɗi. Kamfanin da kansa ya san da wannan ciwo. Tun 2019 ya hana tura saƙo ɗaya zuwa fiye da wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya ce saƙon da ya sha yawo, mai kibiya biyu a kansa, wuri ɗaya kawai za a iya tura shi. In ka ga kibiya biyun nan, ka sani wanda ya turo maka shi ma bai san mai maganar ba. Manyanmu suna tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har aka rasa rayuka a Najeriya. Kuma ko don kanka ka yi hattara: dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da zai tada hankalin jama'a. Cewa turo mini aka yi ba lalle ya fitar da kai ba.

Bayan abin kawu na zauna na yi shara. Na shiga saituna, ɓangaren sirri, wurin gurup, na mayar da shi sai wanda nake da lambarsa ne zai iya saka ni, sauran sai dai su aiko gayyata. Na kashe saukar hotuna da bidiyo da kansu, wanda shi ne ɓeran da ke cinye furfe da cika waya. Na saka lambar sirri ta tabbatarwa mataki biyu. A nan ina roƙonku, lamba shida ɗin da ke shigowa ta saƙo kada ka karanta wa kowa, ko ya ce shi admin ne, ko ya ce za a saka ka a jerin masu samun tallafi. Da ita ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum, a koma ana roƙon ƴan uwansa kuɗi da sunansa. Ƴan uwa mata, ku wannan ya fi shafa: duk gurup ɗin da kika shiga, mutanen ciki suna ganin lambarki, kuma gurup guda yana ɗaukar mutum 1024. Ki mayar da hotonki da sitatinki sai waɗanda kika yarda da su. In wani ya ciro lambarki ya biyo ki ta gefe, ki toshe shi, ki gaya wa admin. Mu maza kuma da ke riƙe da gurup, in ƴar uwa ta kawo ƙara mai laifin ake cirewa, ba ita ake ce wa ta yi haƙuri ba.

Fita daga gurup shi ne mai wuya, saboda kunya. Yanzu ma an sauƙaƙa, in ka fita admin kaɗai ake sanar wa. Na dangi da ba ya fituwa sai ka rufe masa baki har abada ka tura shi ma'ajiya, ka riƙa leƙawa ranar Juma'a. Daga 43 na dawo 9.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a bar hira ne. Ina! Mutum ba ya rayuwa da darasi da wa'azi kaɗai, yana son inda zai yi dariya, a tsokane shi ya rama. Cikin tara ɗin nan wanda na fi so ba shi da wani amfani da za a rubuta a takarda. Mu 14 ne, ƴan wajen Magarya da Dungas da ke karatu a Damagaram, sai biyu a Yamai, ɗaya a Jami'ar Musulunci ta Say. Lokacin kokowar Takobi ba a barci, in ɗan Damagaram ya faɗi a yi ta makoki kamar an yi rasuwa. Amma a nan na samu ɗakin haya. A nan ake cewa wa zai je gida ranar Asabar ya tafi da saƙo. Wata damina da zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, ƙanwar ɗayanmu tana kwance a asibitin Magarya ana neman jini, kafin la'asar mutum uku sun je. Gurup mai mutum dubu ba ya yin wannan, don kowa yana zaton wani zai je. Wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe alaƙa ta gaske da su ba su wuce wajen 150 ba. Ni ban san ko lissafinsa daidai ne ba ƙwarai, amma tabarmar fada ba ta taɓa ɗaukar ko rabin haka ba.

Ta yaya ake samun irin wannan? A ganina ba a samunsa ta hanyar danna duk wata mahaɗa da aka watso. Ka fara daga abin da hannunka ke yi ko zuciyarka ke so: ɗinki, gyaran waya, kiwon tattabaru, noman rani, ƙwallo. Ka tambayi mutum na gaske, wanda ka san fuskarsa, ina masu wannan abu suke haɗuwa. In an saka ka, yi sati guda kana saurare kafin ka ce uffan. Duba ko akwai admin da aka sani da suna, ko ana amsa wa mai tambaya, ko in an yi kuskure ana gyarawa ba da cin fuska ba. In ka ga saƙo ɗari babu wanda aka rubuta da hannu, duk turowa ce, to juji ka shiga. In kuma aka fara da ka kawo dala dubu ka samu dubu biyu, ko caca ta ƙwallo, kada ka jira sati.

Akwai wurare da aka riga aka gina da ba mu cin moriyarsu. RECA, haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, tana ba da shawarar noma ta waya da WhatsApp, da murya, cikin Hausa. Mai lambu a Waca ko Bande yana iya ɗaukar hoton ganyen tumatir da tsutsa ta ci ya tura a gaya masa abin da ke damunsa. Iyayenmu da yawa ba su san da wannan ba, kuma wayar da za ta yi aikin tana aljihunmu muna kallon rawa da ita. Studio Kalangou suna da labarai da Hausa waɗanda aka san mai faɗa da inda ya samo. Wikipedia ta Hausa kuma tana nan, masu sa kai ne ke rubuta ta, kuma kowa yana iya shiga. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kamata a ce ɗan Dungas ne ya rubuta tarihin Dungas a can. Allon rubutu na Gboard yana da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, sai dai ka ƙara Hausa a cikin harsunansa, aikin minti ɗaya.

In ka nema ba ka samu ba, buɗe naka. Mutum goma sun isa. Namu dokarsa uku ce kuma ba mu taɓa rubuta ta ba: ba a turo abin da mai turowa ba zai iya cewa ga wanda ya faɗa ba, ba a saka baƙo sai an tambayi jama'a, bayan ƙarfe 11 na dare sai larura. An taɓa cire ni na kwana uku saboda ta ukun, kuma ni na kawo dokar.

Waɗanda suka ce in duba musu saitunan wayarsu ranar taro ban samu na gama da kowa ba, hutu mai zuwa ina gida. Ku zo da wayar da caji, kuma kowa ya san lambar buɗe wayarsa da kansa, don ranar nan mutum huɗu sai da aka aika gida aka kira ƙannensu.